FAƊUWAR GABA BA ASARAR MAHAYI BA CE

Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Faɗuwar gaba asarar namiji." Magana ce mai nauyi, kuma tana da muhallinta, domin a fagen daga aka haife ta, wurin da duk wanda ya tsaya yin shawara da zuciyarsa shi mashi kan fara samu. To, amma kowace magana da inda take da amfani. Idan aka ɗauko ta daga fagen daga aka kawo ta fagen koyo, aka riƙa jifan yaro da ita ranar da ya fara ɗora ƙafa a likkafa, to ta tashi daga hikima ta koma ganganci.

Abin da nake nufin yin tsokaci a kansa a wannan maƙala shi ne halin sabon mahayi mai jin tsoro, musamman a lokacin da aka kai shi ga mataki mafi tayar da hankali a koyon hawa, watau tsallake shinge da doki. Na zaɓi tsallake ne domin a nan tsoro ke fitowa fili, babu rawani ko alkyabbar da za ta rufe shi. Ra'ayina a taƙaice shi ne, tsoron da ke kama mai koyo alama ce ta hankali, kuma malamin kirki a kan wannan tsoro yake gina koyarwarsa, mataki bayan mataki, har tsoron ya narke don kansa. Wanda kuwa ya ce zai kore shi da gori da tsawa da dariyar 'yan kallo, to wasa yake yi da wuyan ɗan mutane, da kuma bakin dabbar da ba ta ci ba, ba ta sha ba.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan Bahaushe da tsallake shinge, wasan Turawa? Zan zo ga wannan. Amma tun yanzu ya kamata mu tuna cewa mu mutanen doki ne. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kananeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. A 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Al'ummar da ta shekara 600 da ɗoriya bisa sirdi ba ta da uzurin barin 'ya'yanta su koyi hawa ta hanyar karaya da targaɗe.

Inda Wasan Ya Samo Asali

Larura ce ta haifi tsallake shinge da doki. A ƙasar Ingila, musamman tsakanin 1750 da 1850, majalisa ta yi ta kafa dokokin da suka ba masu ƙasa damar kewaye filayen da a da na kowa da kowa ne. Kafin a ankara, karkara ta cika da shingaye da darni da magudanan ruwa. Masu farautar yanyawa da karnuka bisa dawaki, waɗanda suka saba sheƙa sukuwa a sarari, sai suka ga babu yadda za su bi karnukansu sai dawakinsu sun koyi tsallakewa. Daga dajin farauta da barikokin sojan doki abin ya shigo fili ya zama gasa. An yi gasar a wasannin Olamfik na birnin Faris a 1900, aka kuma dawo da ita a wasannin ƙasar Suwidin a 1912, tun daga nan ba ta sake fita ba.

Abin mamaki shi ne, mutanen da suka ƙago wasan sun daɗe suna yin sa a karkace. Mahayin wancan zamani, idan ya zo shinge, sai ya kwanta baya, ya miƙe ƙafafu gaba, ya ja linzami, wai don ya taimaki doki ya dira da ƙafafun baya. Haka aka yi ta yi har wani hafsan sojan doki na Italiya mai suna Federico Caprilli, wanda aka haifa a 1868, ya tsaya ya lura da yadda doki ke tsalle idan babu kowa a bayansa. Ya ga doki kan miƙa wuya, ya sunkuyar da kai, ya lanƙwasa gadon baya, sa'an nan kuma da ƙafafun gaba yake dira. Ashe duk jan da ake yi azaba ce kawai ake gana wa dabba. Sai ya zo da sabon salo: a gajarta likkafa, mahayi ya ɗaga mazaunansa kaɗan daga sirdi, ya karkata gaba, hannuwansa su bi bakin doki duk inda ya miƙa. A 1902, a birnin Turin, ya tsallake mita 2.08 da wannan salo, daga baya ƙasashe suka yi ta aika hafsoshinsu makarantar sojan doki ta Pinerolo don su koyo. Yau duk mai tsallake shinge a duniya sawunsa yake bi. Tsallen da ya fi kowane bisa a tarihin gasa, watau mita 2.47, wani kyaftin na ƙasar Chile mai suna Alberto Larraguibel ne ya yi shi a 1949 bisa doki mai suna Huaso, kuma har yau babu wanda ya wuce shi.

Akwai darasi a cikin wannan labari. Mahayan da suka gabaci Caprilli jarumawa ne na gaske, amma jarunta ba ta hana su shafe shekaru aru-aru suna cutar da dawakinsu ba. Gyara ya zo ne ranar da aka samu mai haƙurin tsayawa ya dubi dabba ya fahimci abin da take bukata.

Sirdinmu Da Linzaminmu

Dalilin da ya sa ba mu gaji tsallake ba a bayyane yake. Ƙasarmu sarari ce, kuma abin da kakanninmu suka nema wajen doki shi ne ya ɗauki barde da lifidinsa, ya yi sukuwa, ya yi zamiya, ya juya a ɗan ƙaramin wuri, ranar salla kuma ya yi taƙama gaban jama'a. Ko mawaƙanmu gudu suka fi yabo a jikin doki, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya yi a waƙarsa ta Dokin Iska Ɗanfilinge. Bisa wannan bukata maƙera da dukawa suka tsara kayan doki. Sirdinmu mai zurfi ne, da kwacciya doguwa gaba da baya, wadda ke tallafe mahayi don kada sara ko suka ya kayar da shi. Likkafarmu faffaɗa ce, mai nauyi. Linzaminmu kuwa yana da zoben da ke zagaye haɓar doki da harshen ƙarfe mai taɓa ganɗa, saboda haka da ɗan ja kaɗan ingarma mai sheƙa gudu zai durƙusa ya yi zamiya gaban sarki wajen jahi.

Waɗannan kaya sun cika aikin da aka yi su dominsa, babu mai raina fasahar da ke cikinsu. Amma kowane kaya da aikinsa. Wanda ya zo tsalle cikin sirdi mai doguwar kwacciya ba shi da wurin da zai karkata gaba, sai kwacciyar ta tokare shi a ciki, ko ta baya ta buge shi a ƙugu lokacin dira. Linzami mai kaifi kuwa a hannun gwani ado ne, a hannun mai tsoro wuƙa ce, domin mai tsoro da kamazuru yake neman tsira, ya rataya nauyinsa duka a bakin doki.

Ga shi kuwa zamani ya sauya mana fage. Samarin da ke haya ko aron dawaki don kilisa da hawan angwanci ba a sararin daji suke hawa ba. A kan kwalta suke, tsakanin lambatu da kwalbatoci da ramuka da babura. Doki idan ya razana ya ga rami a gabansa, ba ya neman izinin kowa kafin ya yi tsalle. Mahayin da bai taɓa sanin yadda gadon bayan doki ke tashi da shi ba, a ranar zai sani, kuma sau da yawa a gadon asibiti ko gidan mai ɗori yake ƙarasa karatun. Hukumomi a Kano sun sha kafa dokar hana kilisa a titunan birni. Hani yana da amfaninsa, amma hani bai taɓa koya wa kowa zaman sirdi ba.

Abin Da Doki Ke Ji A Jikin Mai Tsoro

Doki dabba ce da Allah ya halitta cikin jerin waɗanda ake farauta, makaminsa na farko gudu ne. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da ɗan wurin da ke daf da goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Ma'anar wannan ita ce, sa'ad da ya iso gindin shinge zai tashi, shingen ya riga ya fita daga ganinsa. Da abin da ya auna tun daga nesa yake tsalle, da kuma amanar da ya ba wanda ke bayansa. Idan aka danne masa kai ko aka fizge shi a daidai lokacin da yake auna nisa, an makantar da shi ke nan aka ce ya yi tsalle.

Daɗin daɗawa, doki yana karanta jikin mahayi fiye da yadda mahayi ke zato. Fatar da ke jin saukar ƙuda ba za ta kasa jin cinyar da ta sandare ba. A 2009 wasu masana a Jami'ar Aikin Gona ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Linda Keeling, sun buga sakamakon wani gwaji mai ban sha'awa. Sun sa mutane su ja dawaki ko su hau su, su bi wata 'yar hanya sau huɗu, aka kuma gaya wa mutanen cewa a zagaye na huɗu za a buɗe laima ba zato a gaban doki. Ba a buɗe laimar ba. Duk da haka bugun zuciyar mutanen ya ƙaru, na dawakin ma ya ƙaru, alhali dawakin ba su ji abin da aka faɗa ba, ba su kuma ga komai ba. Fargabar mutum ce ta bi igiya da sirdi ta shiga jikin dabba.

Yanzu sai mu dubi abin da ke faruwa sa'ad da mai tsoro ya fuskanci shinge. Da farko numfashinsa kan tsaya. Sa'an nan ya matse gwiwoyinsa, diddigensa ya tashi sama, ya sunkuyar da kai yana kallon shingen, hannuwansa su ja kamazuru zuwa ƙirji. Ƙafafunsa na cewa doki ya je, hannuwansa na cewa ya tsaya. Dokin da aka ba umurni biyu masu karo da juna, ɗayan abu uku zai yi: ko ya turje a gindin shinge, ko ya kauce gefe, ko ya yi tsalle a makare da ƙarfin da ya wuce bukata. Cikin ukun nan turjiya ta fi haɗari, domin doki ya tsaya, amma mahayi bai tsaya ba, sai ya wuce ta kan wuyansa da ka. Haka ya faru ga Christopher Reeve, ɗan wasan kwaikwayon Amurka da ya yi suna da fitowa a matsayin Superman. A watan Mayu na 1995, a jihar Bajiniya, dokinsa ya turje a gaban shingen da tsawonsa kimanin mita 1 ne, ya faɗo da ka, ƙasusuwan wuyansa biyu na sama suka karye. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2004. Shi kuwa ya shekara da shekaru yana hawa. Idan turjiya ta yi wa wanda ya saba haka, ina ga wanda jiya ya fara? Gaskiyar masu iya magana, tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

A nan ne illar gori take. Yaron da aka ce masa, "Kai ba namiji ba ne?" zai haɗiye tsoronsa ya murtuke fuska, ya ɓoye wa malaminsa da abokansa. Amma ba zai iya ɓoye wa doki ba. Gori bai cire tsoro daga cinya da hannu ba, abin da ya yi kawai shi ne ya rufe bakin da zai ce, "Malam, ban shirya ba." Ya raba malami da labarin da ya fi bukatar ji, ya bar doki shi kaɗai da sanin gaskiya. Tsoron da aka faɗa yana da magani. Wanda aka ɓoye shi ne ke kai mutum ƙasa.

Matakan Koyo

Da rarrafe yaro kan tashi. Masu koyar da tsallake na gaske ba sa kai mai koyo gaban shinge sai ya bi wasu matakai, kuma kowane mataki an tsara shi ne domin ya cire wani yanki na tsoro.

Mataki na farko shi ne zaɓen doki. A wurinmu ingarma shi ne dokin hawa, namiji kan ji nauyin a gan shi bisa goɗiya ko tsohon doki. Wannan girman kai ba shi da wuri a fagen koyo. Sabon mahayi tsohon doki mai sanyin hali yake bukata, wanda ya tsallake ƙananan shingaye har ya gaji da su, wanda kuma zai yafe kuskuren hannu. Haɗa sabon doki da sabon mahayi, makaho ne aka ba jagorancin makaho. Sai a ɗaura masa sirdi mara doguwar kwacciya, irin wanda 'yan ƙwallon dawaki suka saba da shi, da linzami mai taushi wanda ba shi da harshe.

Mataki na biyu shi ne zama. Malami ya riƙe doki da doguwar igiya, ya tsaya a tsakiya doki na zagaye shi, mai koyo kuwa a karɓe kamazuru daga hannunsa. Ya koyi tafiya da sassarfa da ƙaramar sukuwa hannuwansa a ƙugu ko a buɗe, har jikinsa ya gane cewa a diddige da cinya daidaito yake, ba a bakin doki ba. Sa'an nan ya koyi tsayuwar Caprilli, ya tashi kaɗan bisa likkafa, diddige ƙasa, gwiwa a sake, baya a miƙe, ido gaba. Wanda ba zai iya zagaye fili yana sassarfa cikin wannan tsayuwa ba tare da ya zube bisa sirdi ba, lokacin tsallensa bai yi ba, ko da kuwa zuciyarsa ta kai ta zaki.

Mataki na uku shi ne sanduna a ƙasa. A shimfiɗa sanda ɗaya, doki ya taka ya wuce. Daga nan a jera uku ko huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kimanin mita 1.2 zuwa 1.4, gwargwadon takun dokin, a bi ta kansu da sassarfa. A nan mai koyo ke sanin yadda ake nufar tsakiyar abu a miƙe, da yadda ake ɗaga ido a dubi inda za a je. Wanda ya kalli ƙasa, ƙasa yake nema.

Mataki na huɗu ne kawai za a gicciya sanduna biyu, tsakiyarsu ba ta wuce santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa ba, abin da ko ɗan akuya zai tsallake. A zo da sassarfa, kada a zo da sukuwa. Mai koyo ya kama gezar doki, ko wata ɗamarar fata da aka zagaya wa wuyansa, tun kafin a iso. Kama geza ba abin kunya ba ne, manyan gwanaye ma suna yi idan tsalle ya zo musu a karkace, domin gara a ja gashi da a ja baki. Wasu malamai kan sa mai koyo ya riƙa ƙirga takun doki da ƙarfi, domin mai ƙirga dole ya yi numfashi, mai numfashi kuwa jikinsa ba ya sandarewa. Sai an maimaita wannan har ya zama abin gundura sa'an nan a ƙara tsawo da ɗan yatsa huɗu. Ranar da tsoro ya dawo, a sauke sanda a koma baya, babu tsawa babu dariya. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Akwai kuma sharuɗɗa uku da ba a sassauta su. Na ɗaya, sanda ta zama mai faɗuwa da zarar kofato ya taɓa ta, kada a koyi tsalle a kan katanga ko lambatu. Na biyu, ƙasa ta zama mai rairayi, kada ta zama tsandauri ko kwalta. Na uku, hular kwano mai maɗauri a haɓa. Shi kansa Caprilli, uban wannan fasaha, ya rasu a 1907 bayan ya faɗo daga dokin da ke tafiya a hankali, kansa ya bugu da ƙasa. Tun daga farkon 2021 hukumar wasannin dawaki ta duniya ta wajabta hular kariya ga duk wanda ke bisa doki a wuraren gasarta. Duk saurayin da ke ganin hular kwano ta rage masa kwarjini, ya tuna kakansa da kwalkwali ya shiga fagen daga, ba kuwa wanda ya kira shi matsoraci.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Na san akwai masu cewa, ai kakanninmu da faɗuwa suka koyi hawa, kuma sun fi mu iyawa. Gaskiya ne sun fi mu iyawa, amma ba da faɗuwa kaɗai suka koya ba. Ɗan gidan sarauta ko ɗan barga na da, cikin dawaki ya buɗe ido. Yana yanko ciyawa, yana kai doki rafi, yana share turke, ana aza shi bisa ƙuru tun ƙafarsa ba ta kai likkafa ba, zagi na riƙe da ragama. Kafin ya yi sukuwar farko ya shekara goma yana sanin halin doki ƙarƙashin idon Shamaki da mutanensa. Ashe su ma matakai suka bi, sai dai rayuwa ce ta jera musu su. Saurayin yau da ya ga doki a turken mai haya ranar Alhamis ya ce zai yi sukuwa ranar Asabar, bai gaji kakanninsa ba, fafe gora yake yi ranar tafiya.

Wasu kuma za su ce lallashi yana kashe zuciya, kuma hawa aikin maza ne. Amsar wannan tana cikin wasan kansa. Tun 1956 mata ke shiga gasar tsallake shinge ta Olamfik, a shekarar ce ma Pat Smythe ta Ingila ta samu lambar tagulla tare da ƙungiyar ƙasarta, kuma har yau maza da mata a fili ɗaya suke karawa, bisa doka ɗaya. Da ƙarfin damtse ko taurin rai ne ke tsallake shinge, da ba a yi haka ba. Mutum mai kilo 70 ba ya ɗaga dabba mai kilo 400 ko 500 sama da ƙarfi. Abin da ke tsallakewa shi ne daidaito da natsuwa da sanin lokaci, waɗannan kuwa ba sa tsira a zuciyar da ake yi wa ihu. Dubi kuma Nick Skelton na Ingila, wanda ya karya wuya a 2000, ya yi jinya, ya dawo sannu a hankali, har ya ci lambar zinariya a birnin Riyo a 2016 yana da shekara 58. Irin wannan ƙarfin zuciya na wanda ya san haɗari ya kuma shirya masa, shi ne abin koyi.

Sai masu cewa wasan baƙo ne, ba namu ba. To, ƙwallon dawaki fa? Shi ma Turawa suka zo da shi. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya rungume shi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa har ƙasashen waje, yau ga filayensa a Katsina da Kano da Kaduna da Zariya da Jos, ba kuwa wanda ke ganin sa bare. Ba na cewa a mayar da hawan daushe gasar tsallake shinge. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya koyi zama bisa doki ba tare da dogara ga kamazuru ba, zai fi kyau a jahi, zai fi tausayin bakin dokinsa, kuma ranar da ƙarar bindiga ko ta mota ta razana dokin ya yi tutsu ko tabarya, yana da abin da zai tsira da shi.

Maganar tsada kuwa ba ta taso ba. Sandunan gora ko na itacen turare, da tsofaffin tayoyi ko buhunan yashi da za a aza su a kai, da fili mai rairayi a bayan gari, su ne kayan aikin. Kuɗin hular kwano bai kai kuɗin jinya a asibitin ƙashi ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne haƙuri da tsari.

Kammalawa

A ganina lokaci ya yi da masu ruwa da tsaki a harkar doki, watau bargojin sarakunanmu da ƙungiyoyin ƙwallon dawaki da ƙungiyoyin mahaya na unguwanni da masu ba da haya, za su haɗa kai su ware filaye da ranakun koyarwa, inda yaro zai fara daga igiya da sanda a ƙasa kafin a sake shi cikin jama'a. Mai ba da hayar doki ya daina miƙa kamazuru ga wanda bai taɓa gani bisa sirdi ba. Malamin hawa ya mayar da tambayar, "Yaya kake ji?" ta zama cikin aikinsa, kamar yadda duba majayi yake cikin aikinsa kafin a hau. Abokai kuma su san cewa dariyar da suke yi wa mai koyo tana iya zama sanadin zamansa a keken guragu har ƙarshen rayuwarsa.

Kai kuma ɗan'uwa da gabanka ke faɗuwa duk sa'ad da ka hango sanda a gaban doki, kada ka raina kanka. Zuciyarka gaskiya take gaya maka, cewa kana bisa dabba mai ƙarfi wadda take da nata tunanin. Faɗa wa malaminka, ka nemi a sauke sanda, ka kama geza, ka ɗaga ido, ka yi numfashi. Kada ka yarda wani ya auna maka tsawon shingenka da bakinsa, domin idan aka faɗi, mai zuga ba ya raba raɗaɗi da kai. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gara a ce ka daɗe kana koyo da a ce Allah ya ba ka lafiya.

Allah ya kiyaye mahayi, ya kiyaye abin hawa.